Tilansiya, shukar da ke rayuwa ba tare da ƙasa ba: asalinta da yadda ake renonta

A dazuzzukan Meksiko da Gwatamala akwai wata ƙaramar shuka da ba ta taɓa ƙasa tun daga tsirowarta har mutuwarta. Tana maƙale a reshen itace, ko a jikin dutse, wani lokaci ma a kan wayar lantarki. Masana tsirrai na kiranta tilansiya. Ta zama kayan ƙawa a gidaje da ofisoshin ƙasashe da dama, hotunanta kuma na yawo a Facebook da sauran shafukan intanet, inda masu talla ke cewa ba ta son ƙasa, ba ta son tukunya, ba ta son wahala. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun shi ne yake kashe ta a hannun masu saye, musamman a ƙasa mai zafi da bushewar iska kamar Nijar.

A Faransanci ana ce mata «fille de l'air». Wanda ya fassara wannan suna kai tsaye zuwa Hausa zai sa mutane dariya, don haka ya fi kyau a ce mata shukar iska, ko a bar ta da sunanta na tilansiya. Sai dai suna linzami ne. Mai saye da ya ji an ce shukar iska yakan ɗauka iska ce abincinta da abin shanta, ya ajiye ta a kan tebur ya manta da ita. Gaskiyar magana, ruwa take sha kamar kowace shuka. Bambancin kawai shi ne ta ganye take sha, saiwarta ba ta wannan aiki.

Daga ina ta fito

Tilansiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai fiye da iri 600, kuma dukansu ƴan asalin nahiyar Amurka ne, daga kudancin ƙasar Amurka, a bi ta Meksiko da tsibiran Karibiyan, har zuwa Ajantina da Cile. Wasu na zaune a dazuzzuka masu ruwan sama da yawa, wasu a kan duwatsun Andes masu sanyi, wasu kuma a bakin hamada.

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata suna don tunawa da Elias Tillandz, likita kuma malamin ilimin tsirrai da ya koyar a birnin Turku na ƙasar Finlan, ya rasu a 1693.

Danginta ba baƙo ba ne a kasuwanninmu: abarba ƴar uwarta ce. Duk wanda ya dubi gashin kan abarba, ya dubi ƙaramar tilansiya, zai ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Wannan dangi, da masana ke kira buromeliya, gaba ɗayansa daga nahiyar Amurka yake, ban da iri ɗaya tak mai suna Pitcairnia feliciana da ke tsirowa a jikin duwatsun ƙasar Gine Konakiri. Ita ma abarbar da ake nomawa a Benin, Kodebuwa da Najeriya daga Kudancin Amurka aka kawo irinta.

Ba kauci ba ce

Manomi a Maraɗi ko Damagaram da ya ga shuka ta fito a reshen itace, abin da zai fara zuwa masa shi ne kauci. Yana da dalili, domin kauci ɓarna yake yi. Tsuntsaye ne ke kai irinsa bisa reshe, shi kuma ya huda ɓawo, ya cusa saiwarsa cikin itacen, ya riƙa tsotse ruwansa har reshen ya yi rauni.

Tilansiya ba ta haka. Saiwarta ƴar kaɗan ce, siririya kuma mai tauri kamar waya, aikinta riƙo kawai. Ba ta huda itacen, ba ta shan komai daga jikinsa. Masauki take nema a sama, inda haske da iska suke. Shaidar hakan ita ce irin da ake kira Tillandsia recurvata, wadda ke yin dunƙule-dunƙule a kan wayoyin lantarki a Meksiko da wasu ƙasashen yankin, wurin da babu abin tsotsa ko kaɗan. In ta yi yawa ƙwarai a kan itace tana iya tare wa ganyensa haske, amma wannan cunkoso ne kawai.

Wannan yana da amfani ga mai reno: ana iya datse busasshiyar saiwarta ba tare da ta cutu ba, amma binne gindinta cikin ƙasa ko yashi mai laima hanya ce ta ruɓar da ita cikin ƴan kwanaki.

Yadda ganye ke shan ruwa

Idan aka dubi ganyen tilansiya da kyau, za a ga kamar an barbaɗa masa toka. Wannan fari ba ƙura ba ce, ba kuma cuta ba. Dubban ƙananan ɓawo ne da masana ke kira tirikom. Kowanne yana da siffar ɗan faifai, a kan ɗan gindi da ya nutse cikin ganye. Gefen faifan matattun ƙwayoyi ne marasa komai a ciki. Da ruwa ya taɓa su sai su tsotse shi kamar tsumma, faifan ya kwanta ya manne da ganye, ruwan ya bi ta gindi ya shige jikin shukar. Idan ganye ya bushe, gefen faifan ya sake ɗagawa, hanyar ta toshe, ruwan da ya shiga ba ya komawa waje ta nan.

Shi ya sa tilansiya ke zama koriya shar idan an jiƙa ta, ta koma fari-fari idan ta bushe. Farin kuma yana mayar da wani ɓangare na hasken rana, yana rage mata zafi. Wanda ya goge shi da tsumma don yana ganin dauɗa ce, ya toshe mata baki ke nan, kuma ba ya sake fitowa a wannan ganye.

Abincinta ma ta wannan hanya yake shiga. A daji, ruwan sama na gangarowa ta jikin itace ɗauke da ƙura, ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye, ɗan abin da ya narke a ciki shi ne takinta.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta sosai. Tirikom ruwa yake sha, wato ruwan sama, raɓa, ko ɗigon hazo. Laimar da ke cikin iska tana rage saurin bushewar shukar, amma ba ta isa ta shayar da ita ba. Ajiye ta kusa da kwanon ruwa ba ya maye gurbin jiƙa ta.

Numfashinta kuma na dare ne. Yawancin tsirrai na buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu da rana su shaƙi iskar kabon, a nan kuma suke asarar ruwa mai yawa. Mafi yawan tilansiya masu farin ganye sun juya tsarin: suna rufe ƙofofin da rana, su buɗe da dare lokacin da zafi ya sauka, su adana kabon ɗin, gari ya waye su sarrafa shi da hasken rana. Abarba ma haka take yi. Wannan dabara tana tattalin ruwa, amma tana sa girma ya yi jinkiri. Ita ce kuma dalilin da ya sa ake shayar da tilansiya da safe: ganyen da ya kwana a jiƙe ba ya numfashi yadda ya kamata.

Masu fari da masu kore

Masu reno sun raba tilansiya gida biyu, kuma ido kaɗai ya isa ya bambanta su. Masu ganye kore, mai santsi da laushi, sun fito ne daga dazuzzuka masu inuwa da laima; suna son ruwa a kai a kai, ba sa jure rana. Masu ganye fari-fari, mai kauri da gashi, sun fito daga wuraren da ake daɗewa ba ruwa. Sun fi jure haske da ƙishi. A yanayin Sahel, na biyun ne suka fi samun damar rayuwa.

Wadda ta fi yaɗuwa a kasuwannin duniya ita ce Tillandsia ionantha, ƴar Meksiko da Amurka ta Tsakiya, wadda masanin tsirrai Bafaranshe Jules Émile Planchon ya bayyana a 1855. Tsawonta ba ya cika wuce santimita 8, tana zama daram a tafin hannu. Tana da juriya, tana saurin yin ƴaƴa, ita ce kuma aka fi ba wa mai farawa shawara a kanta.

Akwai Tillandsia xerographica, babba mai faffaɗan ganye da ke nannaɗewa, mai tsada da jinkirin girma. Akwai Tillandsia tectorum ta duwatsun Peru da Ekwado, wadda gashinta ya yi yawa har kamar an lulluɓe ta da auduga. Akwai Tillandsia bulbosa da Tillandsia caput-medusae masu kumburarren gindi kamar albasa, wanda cikinsa rami ne. A daji tururuwa kan zauna a ciki, shukar ta amfana da abin da suka tara. Sai Tillandsia usneoides, mai saukowa daga rassan itatuwa kamar farin gemu a jihohin Fulorida da Luwiziyana na Amurka, wadda a da ake busarwa a cusa cikin katifu da kujeru.

Hazonsu ba irin namu ba ne

Masu talla kan kafa hujja da cewa tilansiya na rayuwa har a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duniya. Haka ne. Irin da ake kira Tillandsia landbeckii na yin layi-layi a kan tudun rairayi a can, kusan ba saiwa. Amma Atakama na gefen tekun Pasifik mai ruwan sanyi, kuma hazo na tasowa daga tekun ya hau tuddai da dare da sassafe. Wannan hazo ɗigon ruwa ne ƙanana, shi shukar ke tarewa da ganyenta ta sha.

Hazon da aka sani a Tawa, Agadas ko Yamai lokacin hunturu ƙura ce zalla da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara. Kalmar ɗaya ce a Hausa, abin kuwa ya sha bamban. A watannin Fabrairu da Maris laimar iska a Nijar na sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a Afrilu da Mayu kuma zafi na wuce digiri 40. Mafi yawan tilansiya sun fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 32. Ke nan wanda zai rene ta a nan, shi ne zai zame mata hazo da raɓa na tsawon wata bakwai ko takwas a kowace shekara.

Shayarwa

Hanyar da ta fi inganci ita ce tsomawa. A cika kwano ko roba da ruwa, a nutsar da shukar gaba ɗaya na minti 20 zuwa 30. A fitar da ita, a riƙe gindinta a girgiza ta a hankali, sannan a kife ta, kai ƙasa gindi sama, a kan tsumma mai tsabta a wuri mai iska da inuwa. Ƙa'idar da masu reno suka yarda da ita ita ce ta bushe sarai cikin awa huɗu. Ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye shi ne babban mai kashe ta.

Littattafan Turai kan ce sau ɗaya a mako. Wannan lissafi na yanayinsu ne. A Nijar sai an bi lokutan shekara.

Da damana, daga Yuni zuwa Satumba, iska na da laima, tsomawa sau ɗaya a mako ta isa. Hatsarin wannan lokaci ruɓa ce, musamman a watan Agusta da ake kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba. In shukar na waje ruwan sama ya dake ta, an shayar da ita ke nan. Abin da ya rage a girgiza ta kawai.

Da hunturu da bazara, sai a ƙara zuwa sau biyu ko uku a mako, tare da ɗan feshi da sassafe. Feshi kaɗai ba ya wadatarwa a wannan lokaci, domin iska na ɗauke ruwan kafin ganye ya sha. Tsomawa kuma tana wanke ƙurar da ta rufe ganyen, wadda ke tare haske.

Masu yawan gashi irin su tectorum ba sa son daɗewa cikin ruwa. A tsoma a fitar nan take, ko a fesa. Masu gindin albasa da xerographica kuwa suna ɓoye ruwa a lungunansu, don haka girgizarsu da kifewarsu na bukatar ƙarin kula. Idan shukar na cikin fure, a tsoma ganyen a bar furen a waje.

Irin ruwan ma yana da muhimmanci. Ruwan sama ya fi kowanne. Ana iya tara shi a buɗaɗɗiyar roba a tsakar gida, a juye cikin bido mai murfi don kada sauro ya hayayyafa a ciki. Ruwan pompo yana yi, amma a bar shi ya kwana a buɗe don warin maganin da ake sa masa ya fita. Ruwan rijiya ko na fanfon burtsatse mai zartsi ko kanwa ba ya dacewa: idan ya bushe yana barin farin gishiri a kan ganye, ya toshe tirikom sannu a hankali. Wanda ya ga ruwan gidansa na barin farin ɓawo a cikin buta, to ya nemi wani ruwan. Kada ruwan ya zama na firiji, kada kuma ya zama wanda ya wuni a rana cikin tanki har ya yi zafi.

Wurin ajiya

Tilansiya na son haske mai yawa, amma ba ranar tsaka ta Sahel ba. Kusa da tagar gabas, ƙarƙashin rumfa, ko a reshen mangwaro ko dogon yaro inda rana ke ratsowa ta tsakanin ganye, duk wurare ne masu kyau. Hasken safiya kafin rana ta yi ƙarfi yana mata amfani. Tagar yamma mai gilashi, gaban mota, da ɗakin kwano da ake rufewa duk wuni, waɗannan tanda ne a gare ta. Ɗaki mai duhu kuma yana kashe ta da yunwa, ko da kuwa ana ba ta ruwa.

Na'urar sanyaya ɗaki tana rage zafi amma tana busar da iska, don haka kada a sa shukar a gabanta. Na'urar da ke sanyaya ɗaki da ruwa, wadda ake kira imidifikater, ta fi dacewa da ita, domin sanyi da laima take bayarwa tare. Inda babu lantarki, gefen randa a inuwa shi ne wuri mafi sanyi da laima a gida, muddin akwai haske. A kwanakin tsananin zafi na Afrilu da Mayu gara a shigar da ita ciki daga hantsi zuwa la'asar.

Iska mai yawo wajibi ce. Kwalaben gilashi masu ƙaramin baki da ake gani a hotuna suna da kyan gani, amma suna tara zafi, suna hana bushewa. In za a yi amfani da su, sai masu faɗin baki, kuma ba a mayar da shukar ciki sai ta bushe.

Kayan da za a ɗora ta a kai suna nan a gida: busasshen reshe, dutse, faifai, buɗaɗɗiyar ƙwarya da ba ta tara ruwa, ko ƴar ragaya da za a rataye. Ana ɗaure ta da zaren auduga, zaren kamun kifi ko siririn kaba, ba tare da matse gindin ba. Abin da za a guje wa shi ne wayar lantarki da aka fere, domin jan ƙarfe guba ne ga tilansiya da duk danginta. Haka ma katakon da aka yi wa maganin gara, don wasu magungunan na ɗauke da jan ƙarfe. Ɗauri ya fi manna ta da gam, saboda wadda aka manna tana da wuyar tsomawa da kifewa.

A nisanta ta da hayaƙin madafa, turaren wuta da feshin maganin sauro, kada kuma a shafa mata mai don ta yi sheƙi. A gidan da ake kiwon awaki da kaji, rataya a sama ita ce mafita.

Taki

Bukatarta ta taki kaɗan ce ƙwarai. Wanda ya samu takin ruwa na musamman da ake yi wa dangin buromeliya ko furen okid, sai ya sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, a cikin ruwan tsomawa, sau ɗaya a wata. Takin ure da manoma suka sani ba ya mata amfani sosai, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ne ke sarrafa shi kafin shuka ta ci, ita kuwa ba ta da ƙasa. Barbaɗa mata 15-15-15 ko takin dabbobi na iya ƙona ganyen. In babu takin da ya dace, gara a bar ta da ruwan sama. Girmanta zai yi jinkiri, amma za ta rayu.

Abin da ganye ke faɗa

Tilansiya ba ta yin yaushi ta langaɓe kamar tumatir, shi ya sa ba a saurin gane tana cikin wahala. Har matacciya kan yi makonni tana kama da mai rai. Dole a koyi karanta ganyenta.

Idan ganye ya nannaɗe ya zama kamar indararo fiye da yadda ya saba, bakinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ƙishi ne. Maganinsa doguwar tsomawa ta awa biyu ko uku, sannan a ƙara yawan shayarwa. Idan gindi ya yi baƙi ya yi laushi, ganyen tsakiya na fita da an ɗan ja shi, ruɓa ce, kuma yawanci ba ta da magani. Tabo mai ruwan ƙasa a gefen da ke fuskantar taga ƙunar rana ce. Ganye da ya yi tsawo, ya yi rauni, launinsa ya dushe, ƙarancin haske ne. Farin abu mai kama da auduga da ya taru a lungun ganye, mai danƙo, ƙwaro ne. A ware shukar daga sauran, a cire shi da ɗan tsinke mai auduga, a wanke ta. Bushewar tsofaffin ganyen ƙasa ɗaya bayan ɗaya kuwa ba ciwo ba ne, ana cire su a hankali.

Fure sau ɗaya, sai ƴaƴa

Mafi yawan tilansiya sau ɗaya suke fure a rayuwarsu. A wajen ionantha, ganyen sama ne ke fara rikiɗa ya yi ja, sannan siraran furanni masu launin shuni su fito daga tsakiya, da ɗan rawaya a bakinsu. Jan launin kira ne ga kolibri, ɗan ƙaramin tsuntsu mai shan zaƙin fure da ake samu a nahiyar Amurka kaɗai, mai kama da sha-kauci na ƙasar Hausa. Furen kwanaki kaɗan yake yi, jan ganyen ma yana komawa yadda yake.

Daga nan uwar ta daina girma, ta juya ƙarfinta ga ƴaƴan da ke fitowa a gindinta, kamar yadda ayaba da abarba ke yi. Za ta yi ta raguwa sannu a hankali na watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta bushe. Masu farawa da yawa kan jefar da ita a wannan mataki suna zaton ta mutu, alhali yanzu ne take biyan wahalar da aka yi mata. Idan ɗa ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin girman uwar, ana iya murɗe shi a hankali a raba, ko a yanke da wuƙa mai tsabta. Wanda ya bar su tare, a kwana a tashi zai samu dunƙule mai kawuna da yawa.

Tana kuma yin iri, ƙanana masu gashi da iska ke ɗauka kamar na tumfafiya. Sai dai renon ta daga iri aikin shekaru ne kafin ta kai girman fure, don haka ƴaƴan gindi su ne hanyar mai reno a gida.

Mai saye ya san cewa wasu ƴan kasuwa na fesa wa ganyen fenti ja, shuɗi ko ruwan hoda. Launi na gaskiya yana farawa ne daga tsakiya ya bazu a hankali. Fenti kuwa yana rufe ko'ina daidai wa daida, yana kuma toshe hanyar shan ruwa.

Ciniki da doka

Farin jinin tilansiya ya jawo wa wasu irinta matsala a ƙasashensu na asali, inda aka yi ta tsinko su daga daji ana kaiwa Turai da Amurka. Xerographica, mai ɗaukar shekaru da yawa kafin ta girma, ta ragu ƙwarai a dajin Gwatamala. A 1992 aka sa wasu irin tilansiya ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. A yau iri uku ne suka rage a jerin: xerographica, harrisii da kammii. Ana iya cinikinsu, amma fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini. Gwatamala kuma ta koma renon su a gonaki na musamman, tana cikin manyan masu fitar da tilansiya a duniya.

Ko irin da ba ya cikin jerin, shigo da ɗanyar shuka daga waje na bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da ta fito. Dalilin a fili yake: ƙwaron da ya ɓuya a lungun ganye ɗaya na iya kaiwa ga garkar mangwaro ko lemu. Matafiyi da zai sako ta cikin jaka a matsayin tsaraba, ko mai oda ta intanet, ya kamata ya tambayi ma'aikatan kare tsirrai da na duwan tun kafin ya biya kuɗi.

Kafin a saya

Tilansiya ba ta cin wuri, ba ta cin ruwa mai yawa. Kwano ɗaya ya ishe ta, ruwan kuma ana iya zuba wa wata shukar bayan an gama. Abin da take ci shi ne kulawa a kan lokaci. Mai yawan tafiye-tafiye da ba shi da wanda zai tsoma ta a watan Afrilu, gara ya nemi kariya, mai jan fure da kumburarren gindi, wadda ƴar Sahel ce kuma ta saba da rani, ya dai kiyaye yara daga ruwan jikinta mai guba.

Wanda ya ga zai iya, ya fara da ionantha guda ɗaya, mai ganye fari-fari, gindi mai tauri, ba fenti ba gam. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damana, domin ta samu watanni huɗu na laima ta saba da gidan kafin hunturu ya shigo. In ta tsallake bazararta ta farko da ganye a miƙe, to wurin da aka ajiye ta da ruwan da ake ba ta sun dace, sai a yi tunanin ƙara ta biyu.